Oba-Obar Horo Birni a Gaban Kwamfutar Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta ba. Duk wanda ya kawo gyara rumfata a kasuwar Boɗinga, kafin ya faɗi abin da ke damun rediyonsa sai ya ce, "Altine, wai da gaske na'ura ta koya maka aikinka?" Wasu labari suke so, wasu dariya. Na kuma lura cewa duk lokacin da na ba da labarin da baki, ina ɗan gyara shi ta inda zai yi mini kyau. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, har da wuraren da ban fita kunya ba. Karatuna bai wuce firamare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

A ɗakin shan magani na ƙauyen Horo Birni akwai rediyon oba-oba, irin wadda ake magana a cikinta a ji amsa. Da ita malamin asibitin, Malam Jelani, yake kiran asibitin garin Shagari a turo mota idan haihuwa ta zo da gardama ko maciji ya sari wani. Da rani ko babu ita ana tura mai keke. Da damina kuwa hanya kan lalace, kafin ɗan aike ya kai Shagari ya dawo da mota, mai ciwo ya riga ya galabaita.

A ƙarshen daminar bara tsawa ta faɗa wa eriyarta, ta ƙona tiranzistan da ke tura magana, ta farfasa kondensocin da ke kewaye da shi. Ga shi lokacin tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an yi layi, balle kayan oba-oba. Waɗanda suka kafa ta sun tattara sun tafi, sai 'yan tiranzistoci uku da suka bari a akwati. Aka kira ni. Na sa kondensoci masu lamba ɗaya da na asali daga cikin gwangwanina, na ɗora tiranzista na farko. Malam Jelani ya danna ya ce, "Shagari, Shagari," sai wari ya tashi. Na ce batir ne. Aka canja batir, na ɗora na biyu, shi ma ya bi ɗan'uwansa. A nan ne na yi abin da bai kamata ba. A gaban mata masu jiran magani na ce laifin Malam Jelani ne, yana riƙe abin magana kamar sanƙira a gidan biki, ba ya saki sai ƙarfe ya dahu.

Malam Jelani ya miƙa hannu cikin akwatin. Ya ɗauki na ukun ya kulle a kabad tare da allurai, ya sa mabuɗin a aljihu.

"Wanga shi ɗai yar rage," in ji shi. "Ba ni ba ka shi, Altine, sai ka zo min da hujja. In ya ƙone, da bakinka za ka kira Shagari?"

Ana nan rani ya yi nisa, sai aka yi suna a Dandin Mahe, na haɗu da Isuhu, ɗan goggona da aka aurar Ƙonni. Taubashina ne, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu taɓa juna ba. Yana koyarwa a wata makarantar aikin waya da rediyo a Yamai. Da na ba shi labari sai ya yi dariya har ya ajiye ludayin fura.

"Ku mutanen Najeriya, komi sai kun ƙona shi kana ku yi tambaya," in ji shi. "Mu muna da kwamfuta. Cikinta aka gina rediyo, ba dalma ba gawayi, a gwada ta a ga in ta yi. Zana min aikinka bisa takarda ka taho. Amma takarda ɗai, ka ji? Kak ka ɗauko fanel. Jandarmominmu ba su wasa da abin aika magana."

Ban yarda akwai irin wannan na'ura ba, amma na ce zan je. Kuma gara in faɗi gaskiya: ba don in gano kuskurena na shirya tafiyar ba. Na tafi ne in samo shaidar da zan rufe bakin Malam Jelani. Na zauna na zana komai tsaf, kowane kondensa da lambarsa, kowane naɗin waya da yawan zagayensa. Sannan na kwance fanel ɗin, wato allon da kayan ke like a kai, na naɗe shi a tsumma na tura can ƙasan buhun garin rogon da zan kai tsaraba. Ba abin da ya sa ni sai son a ga kyan likin dalmata.

Daga Boɗinga zuwa Sakkwato babu labari. A Sakkwato, a tashar motocin Illela ta bakin iyaka, na samu wuri kusa da wata Hajiya 'yar kasuwa, mai jiki, mai haƙorin Makka. Mota ba ta bar gari ba ta fara rabon kaya: wannan ta ba shi turmin atamfa ya zauna a kai, waccan ta sa ta ɗaura zane uku. Ni kuma ta turo mini sandunan sabulu.

"Malam, riƙa min wanga. In an tambaya ka ce na iyalinka na."

Na gyara hula na ce, "Hajiya, ni ba ni yi ma hukuma ƙarya."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Allah shi ba mu albarkacinku." Ga ni kuwa ƙafata a kan buhun gari.

A ɓangarenmu na iyaka gaisuwa aka yi, direba ya sauka ya hau, aka ɗaga sanda. Da muka shiga na Nijar sai na ga wata duniya. Kowa ya sauka, aka yi layi, aka karɓe katin kowa, ba mai tari. Wani jandarma ya bi kaya da siririn ƙarfe yana soka buhuna. Ya soka nawa, sai muka ji ƙwas. Ya sake sokawa. Ya naɗe hannun riga ya tura cikin garin har gwiwar hannu, ya zaro tsummana.

"Na wa?"

"Nawa na, ranka shi daɗe. Cikin rikoda na, ta sauraren waƙa."

Ya kai wa babbansu, wanda suke kira Shef, wani dattijo mai zanen Gobirawa. Ashe shi ma'aikacin oba-oba ne a soja tun ina koyon riƙe filaya. Ya juya fanel ɗin sau ɗaya ya nuna wani gurbi.

"Rikoda mai wurin ɗaura eriya? Wace waƙa taka yi?"

Aka nuna mini benci. Aka mayar wa kowa katinsa ban da ni. Da motar za ta tashi, Hajiya ta leƙo ta taga, sabulunta duk ya tsallake, ta ce, "Malam mai gaskiya, sai mun komo!"

Na yi tunanin in yi irin ta gida, na laluba aljihu na ce wa ƙaramin jandarman ga na goro. Kallon da ya yi mini ya sa na mayar da hannuna da sauri. Rana ta take, sai na ga sun rufe taga, sun ci abinci, sun miƙe a gadajen igiya. A can idan azahar ta gabato aiki kan tsaya cik, ko gwamna ne kai sai ka jira. Ni da kuɗaje muka yi gadin ofis. Sai wajen la'asar Shef ya tashi, ya yi alwala, muka yi salla tare, sannan ya ce in sake faɗin abin da ke cikin tsumman. Yunwa da kunya sun riga sun fitar da ƙaryar daga cikina. Na gaya masa komai, da Horo Birni, da damina, da tiranzista ɗaya da ke cikin kabad.

Ya ce ƙauyensu ma da damina a kan amalanke ake fitar da mai naƙuda. Ya duba inda tiranzistan ya kamata ya zauna ya ga wayam.

"Bindiga ta, ba harsashi," in ji shi. "Ɗauki abinka. Da ka faɗi haka tun da hantsi, da yanzu kana Dogon Dutsi."

Dole na kwana Ƙonni gidan Goggo. Ta dama mini fura da nonon da ban taɓa shan mai kaurinsa ba, tana damawa tana faɗa: shekara da shekaru ban taka gidanta ba, sai yau da ƙarfe ya kawo ni. Ni dai sai na ƙara ludayi.

Hanyar Yamai doguwa ce, kuma kowane gari da shingensa, a sauka a nuna kati a hau. A Dogon Dutsi na sayi kilishi, mai yaji ne ƙwarai, na ci ina hawaye ina yabawa. Daga Dosso Hausa ta fara ƙaranci. Na gai da wata mai abinci, ta ce "fofo," na ɗauka sunan abincin ke nan, na ce a zuba mini. Aka yi ta dariya, wani ya gaya mini sannu ce da Zabarmanci. Abin da ta zuba dambu ne da zogale da ƙuli, kuma ya yi daɗi. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sandar makiyayi, ba takarda ba leda, mutum ya saƙale shi a hammata ya yi ta yawo. Na yi ta ƙyamar abin a zuci, kafin mu kai Yamai ga nawa a hammata.

Mun sauka da yamma. Ina tafe ina tambayar unguwar su Isuhu, sai na ji an busa usur. Masu keke suka dire, masu tafiya suka ƙame, har mai tallan ruwa ta tsaya da tulu a ka. Na ce a raina hanya ta yi sauƙi, na ƙara sauri. Wani tsoho ya cafko rigata ta baya ya ce cikin raɗa, "Kai baƙo, tuta aka saukewa! Kana son kwana kwamisariya, hannun 'yan sanda?" Na tsaya da buhu a kafaɗa da burodi a hammata har aka sake busawa. A gida ko tutar ta faɗo ƙasa ba mai fasa cinikinsa.

Isuhu ya karɓe ni da tsiya kamar yadda ya saba, ya ce tun daga nesa ya jiyo ƙauri, ya san ɗan Najeriya ya iso. Matarsa ta kawo abinci a kan tebur, da cokali da wuƙa, da wani kwano na ɗanyen ganye da mai. Na jira a kai shi wuta, sai na ga sun fara ci. Na ce, "Isuhu, yaushe ka koma akuya?" Ya ce tun da ya ga awaki sun fi mutanen Boɗinga lafiya. Ban gaya masa abin da ya faru a iyaka ba. Na ce mota ce ta lalace.

Da safe muka tafi makarantar. A can ba Isuhu ba ne, Mushe ne, wato Malam da Faransanci, ɗalibai na miƙewa idan ya wuce. Ya kai ni wani ɗaki mai sanyi kamar randa, ya gabatar da ni ga mai kula da kwamfutar, Madam Ramatu, Bazabarma, siririya, da tabarau. Hausarta da ɗan karkace amma ana ganewa. Da na ga mace ce sai na raina ta a zuci. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kai.

Na'urar ba ta kai yadda na zata ba. Kamar talabijin ce aka haɗa da tafireta. Madam ta shimfiɗa zanena, ta ɗauki jan biro, duk inda layi biyu suka haɗu ta sa lamba, kamar mai unguwa na lambar gidaje. Sannan ta shiga bugawa: daga lamba kaza zuwa lamba kaza akwai kondensa mai nauyi kaza, daga nan zuwa can akwai naɗin waya. Halin tiranzistan kuma ta ɗebo shi daga wani littafi mai kauri.

"Yanzu rediyonka tana ciki," in ji ta. "Za ta gwada ta mita bayan mita, daga ƙasa har sama."

Ta danna. Na'urar ta yi ɗan tunani, sai wani koren layi ya fara tafiya a gilashin. Madam ta ce in lura: inda layin ya yi tudu, ƙarfin magana ba ya fita eriya, komowa yake kan tiranzista ya dafa shi. Inda ya yi kwari, ƙarfin ya samu hanya ya fice. Ta ɗora yatsa a kan mitar da oba-obarmu ke magana. Layin ya taho, ya taho, yana isowa yatsanta ya gangara ya yi kwari mai zurfi.

"Wannan zane ba shi da laifi," in ji ta.

Na tashi tsaye. Na ce, "Isuhu, ka gani? Ka shaida? Na ce maka Jelani na!" Na roƙi a buga mini a takarda in kai masa. Madam ta ce za ta buga, amma in sani ita kwamfuta abin da aka faɗa mata kaɗai ta sani. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Sai ga lokacin rufewarsu na rana ya yi, aka ce in dawo bayan hutu in karɓa. Na yi ta gunaguni, don na so in kama motar Dosso a ranar. Da takardar ta fito a lokacin, da na tafi.

Da muka dawo na karɓi takarda na yi godiya. Har na kai ƙofa, sai zuciya ta ce mini, ka sha rana a kan benci saboda fanel ɗin nan, za ka koma ba wanda ya yaba? Na zaro shi daga aljihun 'yar ciki na kwance tsumma.

"Madam, ga aikin kansa. Dubi liki."

Isuhu ya dafe kai. "Kai! Ashe ka ɗauko shi? Wagga ita ce motar da tal lalace?"

Madam ta karɓa. Ta kai fanel ɗin kusa da taga, ta cire tabarau ta mayar. "Likin yana da kyau," in ji ta. "Amma waɗannan ƙafafun fa? Me ya sa kondensocinka suke tsaye kamar balbela?"

Ga wanda ba ya aikinmu: kowane kondensa yana zuwa da siraran wayoyi biyu da ake like shi da su, su muke kira ƙafafu. Ni ba na yanke su. Maigidan da ya koya mini aiki a Sakkwato, Allah ya jiƙansa, idan ya ga ka kai filaya kusa da ƙafar kondensa sai ka ji ta a bayan hannunka. Yakan ce kaya baƙo ne a cikin rediyo, yau yana nan, gobe rediyon ta mutu a cire shi a kai wata, wanda ya guntule masa ƙafa ya kashe shi. Da kaya suka yi wuya kuwa, duk mai gyara a ƙasarmu ya ƙara riƙe wannan. Na bayyana mata haka ina alfahari.

"A zanenka ba ka sa su ba," in ji ta.

"Madam, ƙafa ai waya ce. Wa ke zana waya?"

Ta ce a rediyon sauraren labarai gaskiyata ce, don can wuta a hankali take kaɗawa. Amma oba-oba irin tamu tana kaɗawa da saurin da hankali ba ya kamawa, kuma a wannan saurin kowane guntun waya ya zama ƙaramin naɗi mai tare hanya. Na ce ban gane ba. Isuhu ya ɗauko doguwar sandar da suke nuna allo da ita, ya ce in riƙe gindinta in motsa a hankali. Kan sandar ya bi hannuna. Ya ce in girgiza da sauri. Sai kan ya shiga tasa rawar daban, ina hagu yana dama.

Madam ta ɗauko rula irin ta 'yan makaranta, ta auna ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ta buga tsawon kowace a cikin na'urar. Ta mayar da yatsa inda yake ɗazu, ta danna. Koren layin ya taho. Tun bai iso ba ya yi kwarinsa can baya, inda ba mai magana. Da ya iso yatsanta sai ya hau tudu.

Takardar da zan kai wa Malam Jelani tana hannuna. Da ita zan karɓi mabuɗin kabad, in ɗora tiranzista na ƙarshe a kan wannan tudun.

Duk da haka ban sallama nan take ba. Na ce, "To dogon surutu fa? Mutumin nan in ya danna ba ya saki."

"A kan wannan tudun," in ji ta, "salamu alaikum ma ta isa."

Sai na koma ciniki kamar ina kasuwar Shagari. Na ce a rage ƙafafun kaɗan mu gani. Ta rage a cikin na'ura, tudun ya ɗan sauka. Na ce, "Madam, a bar min rabi, don Allah." Ta buga rabi, har yanzu muna kan gangare. Isuhu yana ta ƙyaƙyata, yana cewa yau ga wanda ke taya wa kwamfuta, ko za ta yi masa ragi don ya zo daga nesa. Muka yi ta ragewa, kwarin yana matsowa, har sai da ƙafafun suka koma kamar ƙwayar shinkafa, sannan ya zauna daidai ƙarƙashin yatsanta. Na lissafa a raina sau nawa muka ƙona tiranzista a wannan zaman, ba wari, ba hayaƙi, ba asara. Na ce da ana samun irin wannan na'ura ta gwada magana kafin mutum ya faɗe ta, da na fi kowa bukata.

Kafin in fita Madam ta ja mini kunne. Ta ce ba ta ga eriyarmu ba, ba ta ga wayar da ta hau sama ba, kuma tsawa ta bi ta cikinsu. In duba su da idona, don abin da ban faɗa wa na'ura ba, ba ta ɗaukar alhakinsa. Wannan karon na ji da kunne biyu. Na yi mata godiya irin wadda ya kamata in fara da ita tun da safe.

A dawowa na sa fanel ɗin a saman kaya. Na tarar da Shef a bakin aikinsa.

"Mi kaka ɗauke da shi yau?"

"Cikin oba-oba, ranka shi daɗe."

"Wuce," in ji shi, bai ko ɗaga kai ba.

Ban tsaya Boɗinga ba sai don in ajiye jaka in ɗauki kayan aiki. Na isa Horo Birni da hantsi, hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane na sharar gona. Na tarar da mata a kan tabarma suna jiran magani kamar ranar nan. Na ce tunda a gabansu na ɓata, a gabansu zan gyara. Na durƙusa na ce, "Malam Jelani, laifina na, ba naka ba. Ka yafe min."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sai da kat tai Yamai kas san haka? Da ka tambaye ni na hutasshe ka kuɗin mota. Tashi, aje ban haƙuri, ɗauki filaya."

Na fara hawa na duba eriya da wayarta, na tarar da wuri ɗaya da tsawa ta babbake, na yanke na sake haɗawa. Na hura gawayi na sa ƙarfen dalma. Sannan na zo kan ƙafafun. Wallahi da na sa filaya a ta farko sai da na ji kamar maigidana na tsaye a bayana. Na rufe ido na datse. Na bi sauran, na kwantar da kowane kondensa ya manne da fanel. Malam Jelani ya zaro mabuɗi, ya buɗe kabad, ya ɗora mini tiranzistan a tafin hannu, amma bai saki nan da nan ba.

"Ka tabbata?"

"Na'ura ta ce i. Sauran na Allah na."

Na like shi, na haɗa batir. Matan nan duk suka zuba ido, har mai goyo ta daina jijjiga. Ya danna.

"Shagari, Shagari, Horo Birni ka kira, oba."

Sai shuuu. Na sa hanci kusa da fanel ina jiran wari. Sai muka ji murya ta fashe ɗakin: "Horo Birni! Ashe kuna da rai? Muna jin ku kamar kuna cikin ɗaki, oba!"

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na lashi yatsa na ɗora a kan tiranzistan. Ɗumi ne kawai, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Malam Jelani ya dube ni, ya gyara zama, ya sake dannawa. Ya gai da na Shagari, ya tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi direban mota da ciwon bayansa, ya tambayi farashin gero, ya ba da labarin wata saniya da ta faɗa rijiya tun da kaka. Yatsana na kan ƙarfen, idonsa na kaina. Sai da ya gaji don kansa ya ce oba.

"Sanƙira ya gama," in ji shi. "Ya dahu?"

Na ce bai dahu ba.

Ruwa ya sauka bayan 'yan kwanaki. Damina na tsakiya aka kawo wata matar Fulani daga ruga, haihuwa ta ƙi. Aka kira Shagari, mota ta taho har inda hanya ta yanke, aka tallabo ta aka kai. Ita da ɗiyarta suna nan lafiya, mijin har ya aiko mini da man shanu, ko da yake na san wanda ya fi cancanta da shi yana Yamai, da rula a hannu.

Masu tambaya ko na'ura ta koya mini aikina, amsa ita ce i, ta koya. Amma kada a ce na shiryu gaba ɗaya. Guntayen ƙafafun nan da na datse, da Malam Jelani ya juya baya sai na tsince su kaf na zuba a gwangwanin madara. Suna nan a rumfata. Ban san me za su yi mini ba, amma hannuna ya ƙi zubarwa.